Yadda Seini Ya Goya Goro Zuwa Salaga

Duk wanda ya zauna a Aboabo a zamanin da ƙasar nan take amsa sunan Gwalkwas ya san Seini bakanike, ko da bai taɓa kai masa gyara ba. Rumfarsa tana bakin hanyar da ke gangarawa Zongo, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, amma samunsa a cikinta sai an yi sa'a. Mutum ne da ƙafarsa ba ta san hutu ba. Idan ya kwance injin wani da safe, kafin azahar an gan shi a Dichemso yana leƙa na wani, da la'asar kuma yana Sofoline yana gardama da direbobi. Ko a masallaci, liman yana sallamewa Seini ya fara laluben takalmansa. Hannunsa mai kyau ne, wannan babu mai musu. Abin da ake kuka da shi a kansa shi ne rashin zama.

Mahaifiyarsa, Hamamatu, mai ɗaurin goro ce a kasuwar Zongo. Daga arewa ta zo Kumasi da shi a bayanta, ta kuma ƙare rayuwarta tsugune gaban tulin goro, tana tsince mai tsutsa daga lafiyayye, tana shimfiɗa ganye a kwando, tana yayyafa ruwa. A gefenta Seini ya tashi, kuma tun bai iya sa riga da kansa ba ta koya masa cewa goro abu ne mai rai, yana jin ƙishirwa kamar mutum. Ta rasu yana bariki lokacin yaƙin duniya, inda aka ɗauke shi wankin motocin soja har ya koyi gyaransu. Da ya dawo, kabari aka nuna masa. Tun daga ranar ya ƙudura a ransa cewa 'yarsa ta fari, idan Allah ya ba shi, sunan uwarsa za ta ci.

Bayan yaƙin ne ya samu babur ɗinsa, wani tsohon ƙarfe mai ruwan ganye da sojoji suka yi gwanjonsa. Da kayan matattun babura ya tashe shi, ya kuma yarda da shi fiye da yadda ya yarda da yawancin mutane. 'Yan Zongo suna ce masa moton Seini, kuma tun yana Dichemso ake jin ƙararsa a Aboabo.

Matarsa Barkisu 'yar Malam Bawah ce na Salaga, dattijo mai tsantseni wanda bai taɓa ɓoye cewa auren bai kwanta masa a rai ba. Yana da hujjarsa: ranar ɗaurin auren, ango ya tsaya a hanya gyaran motar wani da bai ma sani ba, bai iso ba sai da aka watse. Da cikin Barkisu ya tsufa, Seini ya raka ta gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ya sayi ragon suna ya bari a can, ya dawo Kumasi yana jiran labari.

Labarin ya zo masa ranar wata Laraba da la'asar, a tsakiyar bazara, a bakin abokinsa Dramani, direban babbar motar da ke zirga-zirgar arewa. Ya tarar da shi kwance a ƙarƙashin wata mota, sai ya taka masa ƙafa.

"Fito daga ƙarƙashin motar mutane, ka zama uba!"

Seini ya fito har yana buga goshi. "Mace ko namiji?"

"Mace. Kamarka ɗaya da ita, Allah ya ba ta haƙuri da wannan hancin."

"Yaushe?"

"Tun Asabar. Kada ka harare ni, a bakin kogi na maƙale, layin fito ya kai har cikin gari." Dramani ya gyara tsayuwa, ya daina dariya. "Surukinka kuma ya ba ni saƙo, ya ce in faɗa maka yadda ya faɗa. Suna Asabar ne. Idan rana ta hau kan rimin masallaci ba ka iso da goronka a hannu ba, shi zai raɗa wa liman suna, kuma sunan tasa mahaifiyar zai sa, Mamuna."

Seini ya hau zagaya rumfar yana ɗaukar sifana yana ajiyewa.

"Ka jira ni mana," in ji Dramani. "Da an gama mini lodi..."

"Lodinka da ba ya ƙarewa sai Lahadi? Moto zai kai ni."

"Wannan gwangwanin? Seini, ko Mampong ya kai ka, ka yi sadaka."

Kafin magariba yana gaban Mma Habsatu, ƙawar mahaifiyarsa, wadda har lokacin take zaune a wurin da su biyun suka saba zama. Ita ta zaɓar masa goron da hannunta, fari da ja, ta shimfiɗa ɗanyen ganye a ƙaramin kwando, ta jera, ta rufe, ta naɗe da jiƙaƙƙen buhu.

"Goron sunan Hamamatu ne," ta ce, "ba za a fasa shi a Salaga a ce daga hannuna ya fito a yanƙwane ba. Arewa wuta ce yanzu. Duk inda ka tsaya, ka ba shi ruwa kafin ka sha naka. Ka ji ni?"

"Na ji, Mma."

"Ka ji da kunne, ko ka ji da ƙafa? Tun da ka zo ba ka zauna ba."

Daga nan ya biya ya sayi sabon zanen goyo, shuɗi mai ratsin fari, don ya kai wa Barkisu.

Da ya zo ɗaura kaya washegari, sai ya tsaya shawara. Bayan babur akwai akwatin kayan aiki da galan na mai, ga zafin salansa yana tasowa daga ƙasa, ga shi idonsa ba ya kai wa can. Saboda haka ya ɗaure kwandon a gabansa, a kan tanki, tsakanin hannayensa biyu, inda inuwar jikinsa za ta kare shi daga rana. Ya yaba wa kansa wannan dabara, ya buga kiki, ya kama hanyar Mampong.

Babur ɗin ya hau tudun Mampong bai ko yi tari ba. A sama Seini ya tsaya bakin wani rafi, ya cika buta, ya yayyafa wa goro ruwa har buhun ya jiƙe sharkaf, sannan ya sha nasa. Bai yi nisa da tashi ba injin ya fara shaƙewa, ya yi ɓarin wuta sau biyu, ya mutu a gaban wata mata Ba'asantiya mai gasa ayaba.

"Kramo, moto ya mutu?" ta tambaye shi da irin Hausarta ta kasuwa, tana kiransa yadda mutanenta ke kiran Musulmi.

"Bai mutu ba, Maame, hutawa yake yi."

"To kai ma huta. Ka zagaya shi, ka zagaya shi, kaina ya juya."

Ya kwance kwandon ya ajiye a inuwa don ya samu wurin aiki, ya cire fulogi ya sa wani, ya goge waya da gefen rigarsa, ya hura nan, ya ƙwanƙwasa can. Bayan wani lokaci ya buga kiki, injin ya tashi. Ya ɗaga wa matar tsohon fulogin da ya musanya, kamar wanda ya kama ɓarawo, ya mayar da kwando kan tanki, ya wuce.

Kafin Ejura abin ya sake faruwa, bayan ya tsaya sallar azahar. Wannan karon ya ɗora laifin a kan kafireta, ya warware ta ƙwaya-ƙwaya a kan wani faifan dutse, ya wanke da mai, ya mayar. Injin ya tashi, sai dai rana ta riga ta karkata. Da ya sake mutuwa bayan la'asar, turawa ya yi har cikin zangon Ejura, gumi yana zuba masa cikin ido, ya sauka gidan wani dattijo mai saukar baƙi.

Da asubar Jumma'a ya ba goro ruwa, ya ɗaure shi a wurinsa, ya hau buga kiki. Ya buga har cinyarsa ta sage, ko motsi injin bai yi ba. Mai masaukin, wanda ya ji labarin tafiyar tun jiya, ya daɗe yana kallonsa yana girgiza kai.

"Ɗana, wannan ba ciwon ƙarfe ba ne. Kai da kanka ka ce kowane gyara daban. Baki ne ya biyo ka daga Kumasi."

Ya shiga ciki ya fito da ƙoƙon ruwa, ya yi tofi a ciki da zuciya ɗaya, ya yayyafa wa injin ta ko'ina. Seini ya yi godiya, domin ba a ƙin addu'a, shi ma kuma ya fara zargin bakin Dramani. Amma injin sai ya ƙara yin gum. Ya sauke kwando, ya buɗe maganeto, wato akwatin da ke ba fulogi wuta, ya goge komai, ya baza a rana yana safa da marwa a tsakar gidan. Sai da hantsi ya ɗaga sosai babur ɗin ya amsa.

Daga nan hanya ta fita daga kurmi. Manyan itatuwa suka janye, ƙasa ta buɗe, rana ta sauko kamar za ta taɓa mutum. Duk lokacin da Seini ya ɗora tafinsa a kan buhun sai ya ji ya bushe ƙamas, muryar Mma Habsatu ta dawo masa, ya tsaya ya ba goro ruwa. Yawan tsayawarsa, yawan mutuwar injin. A Atebubu ya samu sallar Jumma'a, amma zuciyarsa tana Yeji, domin ya san jirgin fito ba ya ƙetare kogi bayan faɗuwar rana, kuma wanda ya rasa na yamma sai na hantsin gobe, lokacin da rana ta riga ta wuce kan rimin masallacin Salaga. Ya canja waya, ya tace mai da hularsa, ya kwance abin da ya ɗaure jiya ya sake ɗaurewa. Kowane gyara yana ci, kowane kuma ba ya daɗewa.

Gab da Prang, a wani fili da babu gida babu rijiya, ya zuba wa kwandon rabin ruwan da ya rage a butarsa, ya buga kiki, shiru. Ya sake bugawa, kikin ya dawo ya doke shi a ƙwauri. A nan ƙarfinsa ya ƙare. Mutumin da ba a taɓa ganin ya zauna da rana ba ya zube ƙasa a gindin babur, ya kwanta rigingine a 'yar inuwarsa. Ya hango Malam Bawah yana sunkuyawa wajen kunnen liman. Ya ji ana sanarwa, Mamuna, jama'a suna shafa fatiha.

Yana kwance haka idonsa ya faɗa kan gindin kwandon. Wani ɗigon ruwa ya taru a bakin saƙar, ya yi nauyi, ya gangaro ta gefen tanki a hankali, ya bi wayar fulogi, ya sauka daidai kan maganeto. Wani ya biyo shi. Na bayansu ya faɗa kan injin mai zafi, ya yi cuu.

Seini ya tashi zaune. Ya tuna Mampong, ya tuna Ejura, ya tuna cewa bai taɓa taɓa injin ba sai ya fara sauke kwandon, kuma yana kwance-kwancensa rana tana busar masa da abin da ya jiƙa. Ba fulogi ba ne, ba kafireta ba ce, ba kuma bakin kowa ba ne. Shi da butarsa ne suke kashe babur tun daga Kumasi. Ya yi wata dariya da ta tsorata tsuntsayen da ke kan ƙaya, sannan ya yi salati ya riƙe kai.

Gano ciwon bai kawo ƙarshen damuwa ba. Idan ya hana goro ruwa zai isa, amma da goron da za a fasa a ji shi kamar roba, kuma saƙon surukinsa ya haɗa shi da goronsa. Ya taɓa ƙarfen bayan babur, ya janye hannu da sauri saboda zafi. Ya duba gaba, ya duba baya, ya zagaya babur ɗin, ya sake zagayawa. Sai ya buɗe akwati don neman igiya, hannunsa ya faɗa kan zanen Barkisu.

Bai taɓa yin goyo ba, amma ya ga mahaifiyarsa tana goya 'ya'yan maƙwabta ba adadi. Ya duba hanya hagu da dama, babu kowa. Ya sunkuya, ya ɗora kwandon a gadon bayansa, ya yafa zanen, ya soke a ƙirji. Kwandon ya sulluɓe. Ya sake gwadawa, wannan karon ya tuna cewa ana ƙulla gefen ƙasa a ciki, sai ya zauna daram. Ya goge maganeto, ya jira rana ta yi aikinta yana taka ƙasa da ƙafa, ya buga kiki. Daga wurin har Yeji injin bai sake tari ba. Idan ya tsaya ba goro ruwa, sai ya yi nesa da babur ya kwance goyonsa, abin da ya rage kuma ya tsiyaye masa a baya har cikin wando.

Duk da haka bai samu jirgin ba. Yana gangarowa bakin kogi ya hango shi a tsakiyar ruwa, rana tana faɗawa a bayansa. Direbobin da ke layi suka taso suka kewaye shi.

"Kai jama'a, ku zo ku ga mai jego a kan moto!"

"Massa, yaron ya yi maka fitsari, dubi bayanka."

"Namiji ne ko mace? Juyo mu ga fuskarsa."

Seini ya ratsa su ya nufi wurin masunta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya samu wani mai babban kwalekwale. Mutumin ya dubi babur, ya dubi ruwa, ya ce da wannan ƙarfen ba zai shiga kogi da duhu ba, amma da an ga farin zaren alfijir zai ƙetar da shi. Haka aka yi. Bayan sallar asuba suka kwantar da babur a cikin kwalekwalen, Seini ya tsuguna ya rungume shi, goyonsa a baya, ruwa yana lasar bakin katako, shi kuwa idonsa yana gabas yana kallon yadda sama take ja.

A ƙofar gidan Malam Bawah an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun zauna, liman yana tsakiya, rago yana ɗaure. Rana ta riga ta taɓa saman rimin. Sai aka ji ƙara daga hanyar kogi, kowa ya waiwaya. Seini ya kashe injin, ya sauko, ya cire takalma, ya durƙusa gaban surukinsa da zanen mata ɗaure a ƙirjinsa, wandonsa a jiƙe, fuskarsa duk baƙin mai. Wani ya fara dariya ya haɗiye.

"Baba, ina kwana. Na iso."

Malam Bawah ya daɗe yana kallonsa. "Na ga ka iso. Wannan fa da ke bayanka, jikan nawa ka riga ka ɗauko?"

"Goro ne, Baba."

"Kwance mu gani."

Aka buɗe buhu, aka ɗaga ganye, sanyi ya taso. Dattijon ya zaɓi fari guda, ya sa babban yatsa ya fasa, ya yi ƙas har na ƙarshen tabarma ya ji. Ya ɗanɗana, ya miƙa wa liman ɗaya ɓarin, sannan ya kau da kai ya ce, "To, matsa ka faɗa masa. Ni na gaji da zama."

Seini ya rarrafa zuwa kunnen liman. A nan ne abin ya yi masa nauyi, domin tun da aka haife shi bai taɓa kiran sunan mahaifiyarsa da bakinsa ba. Ya buɗe baki, ya rufe. Liman ya ƙara kawo kunne. Da ƙyar ya raɗa shi, aka sanar, aka yi fatiha, aka raba goro.

Da ya shiga cikin gida, Barkisu ta karɓi zanen da yatsa biyu tana juya shi. "Wannan ne sabon zanen nawa? Har an riga 'yata hawa?" Sannan ta sassauta murya ta gaya masa cewa tun gari bai gama wayewa ba aka shirya, amma Baba ya mayar da wuƙar yanka wurin maƙeri, wai ba ta da kaifi, da aka dawo da ita kuma ya sake mayarwa.

Labarin ya riga Seini komawa Kumasi, domin direbobin Yeji ba su bar shi ya kwana ba. Daga shekarar har ƙarshen rayuwarsa Mai Goyo ake ce masa a Aboabo, kuma yana amsawa. Ya ƙera wa maganeto murfi da gwangwanin madara, ya ci gaba da yawonsa tsakanin Dichemso da Sofoline, bai koyi zama ba har tsufa ya zaunar da shi. Yarinyar ta girma a Zongo, malamanta da ƙawayenta suna kiranta Hamamatu. Shi kuwa, da yake ɗa ba ya kama sunan uwarsa, Mma yake ce mata, tun tana rarrafe har ta yi nata 'ya'yan. Sunan da ya goyi goro har Salaga dominsa, a kunnen liman kaɗai ya taɓa fita daga bakinsa.